Na gama aikin a waya, oga bai gani a kwamfutarsa ba

Assalamu alaikum Malam. Ina cikin wata damuwa da wani zai ga ba ta kai a rubuto ba, amma ni ta hana ni barci. A wurin aikinmu mu bakwai ne, kuma duk abin da za a yi sai oga ya rubuta shi a wata manhajar tsara ayyuka, ya sa sunan mai yi da ranar gamawa. Wanda ya gama nasa sai ya danna alama. Ni yawanci a waya nake dannawa, don aikina na zirga-zirga ne. Kusan mako uku ke nan manhajar ta yi nauyi, in na buɗe sai ta yi ta juyi kafin ta nuna min komai. Abin da ya fi ci min rai, ranar taro oga ya buɗe kwamfutarsa a gaban kowa ya ce akwai ayyuka huɗu a kaina da ban taɓa ba, alhali na gama su, alamar ma tana nan a wayata. Kunya ta sa na yi shiru. Akwai kuma wani bayani da na rubuta a jikin wani aiki, washegari na tarar da na abokiyar aikina a wurin, nawa ya ɓace, har na fara zarginta. Wani ya ce in goge manhajar in sake saukewa, wani ya ce wayar ce ta tsufa in sayi sabuwa. Android ce, shekararta 3. Malam, wanne zan yi?

Ƙanwarka mai neman mafita

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Damuwarki ta kai a rubuto, har ta wuce. Mutum ya yi aiki da guminsa a ce bai yi ba, a gaban jama'a kuma, dole abin ya tsaya masa a rai. Amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa, don ina tsoron kafin ki kai ƙarshen amsar nan wani ya riga ya karɓi wayar da sunan taimako. Kada ki goge manhajar. Kada ki fita daga asusunki. Kada ki danna wani maɓalli da ya ce zai share bayanai. A yadda kika kwatanta, akwai yiwuwar wayar da ke hannunki ita kaɗai ce a duniya ke riƙe da shaidar aikin da kika yi cikin makonni ukun nan.

Ga dalili. Jerin ayyukan da kuke dubawa kwafi-kwafi ne. Na ainihin yana rumbun kamfanin da ya yi manhajar, wato manyan kwamfutocin nan da masu sana'ar ke kira saba. Akwai kwafi a wayarki, akwai wani a kwamfutar oga, haka kowa cikin ku bakwai. In kika danna alamar kin gama, manhajar ba ta jiran jin ta bakin rumbu. Nan take take rubutawa a ɗan littafinta na cikin waya, ta nuna miki alamar, sannan ta sa saƙon a layi har ta samu hanyar aikawa. Da gangan aka gina yawancinsu haka, don mai zirga-zirga irinki ta iya aiki ko babu netwok. Aibin tsarin shi ne, alamar da kike gani cewa take yi "na rubuta", ba ta ce "na isar" ba. Sai saƙon ya kai rumbu, rumbu ya sanar da kwamfutar oga, sannan bayanai suka daidaita, abin da ake kira sinkin. Kamar kin rubuta wasiƙa kin liƙe ambulan, amma har yanzu tana cikin jakarki. Wanda ya ce ki goge ki sake saukewa ba da mugun nufi ya faɗa ba, sau da yawa ma dabarar na aiki. Sai dai gogewa na tafiya da ɗan littafin nan da duk saƙonnin da ke layi, sabuwar da za ki sauke kuma abin da ke rumbu kawai za ta ɗebo, wato daidai abin da oga ya gani ranar taro. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Don haka daren yau ki fara da killace kayanki. Ki bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya ki ɗauki hoton fuskar wayar, wato sikirinshot, musamman huɗun da aka ce ba ki yi ba, yadda sunan aikin da alamar da ranar za su fito. Duk dogon bayanin da kika rubuta a ciki ki kwafe shi ki tura wa kanki ta imel. Hotuna da takardun da kika liƙa wa ayyuka, ki tabbata asalinsu na nan a wayar. Kada ki dogara da maɓallin fitar da bayanai da wasu manhajojin ke da shi, mai tattara ayyukan a fayil guda da ake kira CSV ko JSON, don galibi daga rumbu ake haɗa fayil ɗin, abin da ya maƙale a waya ba zai fito a ciki ba. Aikin zai ci miki rabin awa, wataƙila awa guda. Ki daure ki yi shi.

Da kin gama, sai mu nemo inda saƙon ya tsaya. Akwai gwaji mai sauƙi da nake so duk mai amfani da irin waɗannan manhajoji ya iya. Manyan cikinsu, Todoist ne ko Trello ko Asana ko Microsoft To Do, duk ana iya shigarsu ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome. Ki samu kwamfuta, ki buɗe tagar sirri, wadda ba ta ajiye tarihi. A Chrome da Ctrl+Shift+N ake buɗe ta. Ki shiga asusunki a nan. Tagar sirri ba ta da wani tsohon kwafi da za ta nuna miki, dole ta je rumbu ta ɗebo, saboda haka abin da kika gani a ciki shi ne abin da kamfanin ya sani game da aikinki. Gargaɗi ɗaya: in kin manta kalmar sirri, kada ki nemi sabuwa tukuna. Sauya kalmar sirri kan sa a kori duk na'urorin mutum daga asusu, har da wayar da muke lallaɓawa. Gara ki roƙi wani abokin aiki ya buɗe nasa asusun ku duba tare.

Fara duba ayyukan nan huɗu. In kin ga alamarsu a burauza, to wayarki ta fita daga zargi, matsalar na wajen oga, zan zo kanta. In babu, sai ki ƙirƙiri sabon aiki a burauzar ki sa masa suna "gwaji daga kwamfuta", ki ƙirƙiri wani a waya, "gwaji daga waya". Ki bar manhajar a buɗe, allon a kunne, ki jira minti biyu ko uku. In duka biyun sun tsallaka, hanya a buɗe take, wayar ce ke hana manhajar aiki da zarar kin rufe ta. In babu wanda ya tsallaka, wayar ta yanke da rumbu gaba ɗaya. In na kwamfuta ya iso waya amma na waya bai je ba, layin fita ne ya toshe.

Ni kuwa, ko ban ga wayar ba, na ukun nan nake zargi, kuma ke da kanki kika ba ni hujja ba tare da kin lura ba. Kin ce washegari kin tarar da rubutun abokiyar aikinki a wayarki. Ta ina ya shigo? Daga rumbu. Ashe hanyar shigowa na aiki, abin da ke fita ne ba ya isa. Wannan kaɗai ya rage mana wahalar bincike da yawa.

Layin fita kan toshe ne in saƙo ɗaya ya tsaya a gaba ya ƙi wucewa, na bayansa duk su jeru suna jira. Ruwa ba ya tsami banza, ki zauna ki tuna abin da kika yi a manhajar mako uku da suka wuce. Kin liƙa bidiyo a jikin wani aiki? Ko hotuna da yawa a lokaci guda, a wurin da netwok ke rawa? Mutane ba su cika sanin bambancin nauyin rubutu da na hoto ba. Rubutun aiki guda da wuya ya wuce kilobait 1. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 3, wato nauyin ayyuka kusan 3,000. Bidiyon minti ɗaya mai kyan hoto yakan kai megabait 60, wani ma ya haura 100. Ga shi kamfanonin na da iyakar nauyin fayil ɗin da suke karɓa: a Trello, alal misali, mai amfani da tsarin kyauta ba zai liƙa fayil da ya wuce megabait 10 ba. Manhajar da aka gina da kyau za ta ce miki fayil ɗin ya yi girma ta wuce wurin. Wata kuwa sai ta yi ta gwadawa, rumbu na maido mata, duk buɗewar da kika yi ta sake ɗaukar kayan nan daga farko. In haka ne, nauyin da kike gani da rashin isar saƙo ciwo ɗaya ne.

Ba fayil ne kaɗai ke toshe layi ba. Zai yiwu kin yi gyara a wani aikin da wani ya riga ya goge ko ya mayar wani jerin, saƙonki ya je ya rasa inda zai sauka. Zai yiwu kuma an taɓa izininki, ko da kuskure, aka mayar da ke mai kallo kawai, rumbu na ba ki abin dubawa amma ba ya karɓar gyaranki. Haka in kuɗin rajistar ofis ya ƙare aka koma tsarin kyauta mai iyaka. Waɗannan biyun na ƙarshe gwajin burauza zai tona su: in ko a can an ƙi karɓar gyaranki, maganar ta bar waya, ta koma wajen wanda ke riƙe da asusun ofis.

Ki duba manhajar da kyau, yawancinsu na da wata 'yar alama da ba a kula da ita, gajimare mai tsaga, ko kibiya mai juyi, ko jan ɗigo a jikin aikin da bai tafi ba. Wasu a cikin saiti suke rubuta lokacin da aka yi sinkin na ƙarshe. In kin ga fayil ɗin da ya tsaya rabi, tunda asalinsa na wayarki, ki cire shi daga jikin aikin. Sannan ki hau wayifai mai ƙarfi, ki sa waya a caji, ki buɗe manhajar, ki ja allon ƙasa da yatsa don ta sabunta, ki bar ta a buɗe minti goma sha biyar ba tare da allon ya mutu ba. In akwai sabon fitowar manhajar ki sabunta ta, sabuntawa ba ta share bayanai yadda gogewa ke yi. Sau da yawa a nan ake gamawa, sai ki ga alamomi na bayyana a burauza ɗaya bayan ɗaya.

Ko layin ya buɗe, akwai gyaran da nake so ki yi, don ina kyautata zaton kina da ɗabi'ar da yawancinmu ke da ita: a danna alama, a kashe allo, a jefa waya a jaka, duk cikin daƙiƙa biyu. Wasu ma sai sun share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe, wai don tsimin batir. Saƙon bai samu fita ba, wayar kuma ba za ta bar manhajar ta ƙarasa aikin a ɓoye ba. Tun Android 6 da ya fito a 2015 Google ya sa tsarin da ya kira Doze: in waya na ajiye, allo a kashe, ba a caji, sai ta hana manhajoji intanet, ta riƙa buɗe musu ƙofa jefi-jefi. A 2016 Android 7 ya zo da tsarin tsimin data, mai hana manhajar da ba a buɗe take ba cin datar layi. A 2018 Android 9 ya fara raba manhajoji aji-aji gwargwadon yawan amfani da su, wadda ba a cika buɗewa ba a rage mata dama. Kamfanonin da ke ƙera wayoyin kuma kowa ya ɗora nasa a kai: Samsung na da jerin manhajojin da yake sa wa barci, Xiaomi na da izinin tashi da kai da sai an kunna wa manhaja. Duk don batir ya daɗe aka yi su, kuma suna amfani, sai dai waya ba ta san wace manhaja ce abincinki ke rataye da ita ba sai kin gaya mata. Ki shiga saiti, sashen manhajoji, ki zaɓi wannan, ki shiga batir. Zaɓi uku za ki gani galibi, ki ɗauki marar takura. Ki koma sashen data ki kunna mata izinin cin data a ɓoye, har lokacin da tsimin data ke kunne. Masu iPhone a cikinku su ma ki gaya musu: tsarin tsimin batir da wayar ke tayin kunnawa in caji ya sauka zuwa kashi 20, wanda ke mayar da alamar batir rawaya, yana dakatar da sabuntawar manhajoji a ɓoye.

In kuwa gwajin ya nuna babu shiga babu fita, abubuwan dubawa kaɗan ne kuma ba sa cin lokaci. Agogon wayar ya zama mai saita kansa, don haɗi mai tsaro da rumbu na dogara da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwanan watan waya ya kauce sai a ƙi haɗin. A kashe VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗin waya ta wata hanya daban, in akwai. A gwada datar layi in ana kan wayifai, a gwada wayifai in ana kan data. Kada shigar saƙon WhatsApp ta ruɗe ki, ɗan rubutu kan bi ta netwok ɗin da manhaja mai nauyi ba za ta iya bi ba. A duba adireshin imel ɗin da ke waya da na kwamfuta, ko ɗaya ne, don wanda ya shiga ta Google a nan, ya shiga da wani imel a can, asusu biyu ya buɗe bai sani ba. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda ina zagin wata manhaja, ashe laifin nawa ne ta nan. A kuma leƙa shafin da kamfanin ke sanar da lafiyar sabarsa, kodayake matsalar da ta kai mako uku kuma ke kaɗai ta kama da wuya ta zama tasu.

Sauran nauyin da zai rage bayan wannan, wuri biyu yake fitowa. Na farko ma'ajiyar wayar. Wayar da ta shekara uku a hannun mai ɗaukar hotunan aiki yawanci a cike take maƙil, kuma in wuri ya ƙare komai na tafiyar hawainiya, ɗan littafin manhajar ma ba ya samun inda zai rubuta. Ki kwashe bidiyo da hotuna zuwa kwamfuta, ki bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ma'ajiyar a sarari. Na biyu jerin ayyukan kansa. Ki tambayi sauran shidan ko su ma yana musu nauyi. In sun ce e, to kaya ne ya yi wa jerin yawa: ayyukan bara da na bara waccan da aka gama ba a kawar ba, kowanne da hotunansa da sharhinsa, manhaja na jan su duk buɗewa. Maganinsa a mayar da tsofaffin taska, inda za a iya nemo su in an buƙata, a raba babban jeri gida biyu ko uku, manyan fayiloli kuma a ajiye su a wani wurin ajiya a liƙa adireshinsu kawai. Wannan aikin oga ne ko wanda ya wakilta, kuma kafin a fara ya fitar da kwafin komai ya adana. Kwafin nan ma ya kamata ya zama na kowane wata. Masu amfani da Wunderlist, wata manhajar tsara ayyuka, sun ga amfaninsa: Microsoft ya saye ta a 2015, ya rufe ta ranar 6 ga Mayu 2020, kowa ya kwashe kayansa ya nemi wani gida.

To yaushe ne gogewa ta halatta? Sai ranar da burauza ta nuna duk abin da ke wayarki. In layin ya ƙi buɗewa duk da abin da na lissafa, ki ɗauko hotunan nan da kika ɗauka, ki zauna gaban kwamfuta, ki sake shigar da komai da hannu ta burauza. Da kin ga sun zauna, abin da ke waya ya zama kwafin banza, ki share shi hankali kwance. Ki lura da maɓallan nan biyu da ke maƙwabtaka a saitin Android. Ɗaya na share kash ne, wato tarkacen wucin gadi irin ƙananan hotunan da manhaja ta ajiye don saurin buɗewa, wannan galibi ba ya cutarwa. Ɗayan na share data ne, shi ke mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta, da asusu da layin saƙo duk su tafi. Masu gyaran waya da yawa hannunsu na saurin kai wa na biyun. Kafin ki danna shi, in manhajar na da wurin aika rahoton matsala ga kamfanin, ki aika, don tarihin abin da ya faru a cikin wayar yake, shi ma sharewa zai tafi da shi. A rahoton kada ki tsaya a "ba ta aiki". Ki faɗi samfurin wayar, lambar Android, lambar fitowar manhajar, ranar da abin ya fara, da sakamakon gwajin nan biyu. Mai amsa ƙorafi in ya ga haka ya san ba da wanda za a ce wa "kashe ki kunna" yake magana ba.

Na ce zan dawo kan kwamfutar oga. Shafin da aka bari a buɗe kwana da kwanaki, ana rufe murfin kwamfuta ana buɗewa, yakan yanke da rumbu ya ci gaba da nuna tsohon kwafi. Ctrl+Shift+R na tilasta masa ɗebo sabo. In kuma ta kalandarsa yake kallon ayyukan, kalandar da ke ɗebo bayani daga manhajar ta adireshin intanet takan yi sa'o'i da dama kafin ta sabunta. Na faɗa ne don cikawa, amma ina ganin a naki lamarin gaskiya oga ya gani: alamar ba ta iso ba.

Yanzu maganar abokiyar aikinki. Ki sauke zargin nan tun bai yi jijiya ba. Ga abin da ya fi kama da gaskiya. Kin rubuta bayaninki a waya, ya shiga layin da ya toshe, bai taɓa isa rumbu ba. Ita ta buɗe aikin a kwamfutarta ta ga wurin babu komai, ta rubuta nata. Da wayarki ta ɗebo sabon kwafi sai nata ya hau kan naki. Manhajoji da yawa haka suke raba gardama in mutum biyu sun taɓa wuri ɗaya: ɗaya ya zauna, ɗayan ya tafi, ba tare da an tambayi kowa ba. Mai yiwuwa ita ko sau ɗaya ba ta ga rubutunki ba. Gani ya kori ji: yawancin manhajojin haɗin gwiwa na ajiye tarihin kowane aiki, wa ya sauya me, ƙarfe nawa. Ki buɗe shi a burauza. In gogewa ta yi, za a ga rubutunki ya shiga sannan an sauya shi da sunanta. In babu alamar naki ya taɓa shiga, kin san inda ya mutu. Nan gaba kuma ku yi yarjejeniya: akwatin bayanin aiki na mutum ɗaya ne, duk mai ƙarin magana ya rubuta a sharhi, don sharhi jeruwa yake yi, wani ba ya hawa kan wani.

Inda zan ɗan ja miki kunne shi ne shirun da kika yi ranar taro, da wanda kike yi har yau. Na fahimci kunya, kuma musu da shugaba a gaban jama'a ba dabara ba ce. Amma shiru a irin wannan wuri amsa laifi ne a idon masu kallo, kowace rana ta wuce kuma labarin na ƙara zama a ransu. Gobe, kafin ki gyara komai, ki same shi shi kaɗai da wayar a hannu. Kafin gyara na ce, da dalili: in kika sake danna alamomin ta burauza, ranar da kika danna za su nuna, sai a ga kamar bayan faɗa ne kika tashi kika yi aikin. Ki bar shi ya ga wayar da idonsa tukuna. Ba sai kin tsawaita ba. "Yallaɓai, ayyukan nan huɗu na gama su a ranakun da ke nan, ga shi a wayata, manhajar ce ba ta isar ba. Ina kan gyara ta. Kafin ta daidaita, duk abin da na gama zan turo maka saƙo." In akwai shaida daga wajen manhajar, imel ɗin da kika aika, takardar da aka sa wa hannu, ki haɗa. Kada ki kawo sunan abokiyar aikinki. Ki kuma roƙe shi, cikin ladabi, ya gyara maganar a taro na gaba tunda a taro aka yi ta. Shugaba mai adalci ba zai ƙi ba, kuma shi ma gara ya sani, don in wayarki na yin haka wataƙila ba ke kaɗai ba ce a cikin bakwai ɗin.

Daga nan ki ɗauki wata 'yar ɗabi'a: aiki mai muhimmanci in kin danna masa alama, ki bar allon a kunne daƙiƙa goma har kibiyar ta daina juyi, da yamma kuma ki leƙa burauza sau ɗaya ki ga ko na ranar sun isa.

Batun sabuwar waya, bar kuɗinki tukuna. Shekara uku ba tsufa ba ne ga manhajar da yawancin aikinta rubutu ne. Bayan kin buɗe layin, kin rage kayan ma'ajiya, an kwashe tsofaffin ayyuka, ki ajiye wayarki kusa da ta wani abokin aiki a kan wayifai ɗaya ku buɗe jeri ɗaya a tare. In tasa ta buɗe nan take taki na ta juyi, sauran manhajojinki ma duk haka suke, sannan ki fara duba kasuwa. In ma kin saya, saƙonnin da suka maƙale ba za su bi ki sabuwar ba, suna cikin tsohuwar. Kada ki sayar da ita, kada ki ba ƙanwarki, sai kin ga alamomin nan huɗu a burauza da idonki.